Wuta Ɗaya, Aiki Biyu: Tarihin Ɗumin Ɗaki da Ruwan Zafi a Ƙasar Gobir

Wanda ya san Sabon Birni da Isa a watan Afrilu kawai, lokacin da zafi ke haura digiri 40 har inuwa ta daina amfani, zai yi mamaki in aka ce masa ɗumama ɗaki yana da tarihi a wannan yanki. Amma shekarar Gobir fuska biyu gare ta. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana saukowa daga hamada, busasshiya mai ƙura, sanyin dare ya sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, ya fi tsananta a garuruwan bakin fadama. A waɗannan watanni kowane gida yana buƙatar abu biyu a lokaci guda: ɗaki mai ɗumi da tsoho da jariri za su kwana, da ruwan zafi na alwalar asuba da wanka. Abin da tarihin yankin ke nunawa shi ne, magabata sun biya waɗannan buƙatu biyu da wuta ɗaya, cikin tsari mai hikima wanda abu guda kawai ya rasa, wato hanyar fitar hayaƙi. Ƙarni na 20 ya zo ya raba wutar gida biyu, itace ya ƙara ƙonewa, haɗari ya ƙaru. Gyaran da ya dace da wannan ƙasa shi ne a koma a kammala tsohon tsarin, a sa masa abin da ya rasa, a kuma miƙa wa rana rabin aikin.

Sanyin wannan shiyya tsohon abu ne, kuma matafiya sun bar shaidarsa a rubuce. A ƙarshen Disambar 1823, Hugh Clapperton da abokin tafiyarsa Dokta Oudney suna hanyarsu daga Kukawa zuwa Kano. A ƙasar Bade, wadda ke kusan layi ɗaya da Gobir, suka wayi gari ruwan da ke cikin kwanoninsu ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu sun sandare. Oudney, wanda dama ba shi da lafiya, ya rasu a Janairun 1824 kusa da Katagum. Irin wannan dare ba kullum ake samunsa ba, amma yana nuna iyakar abin da hunturu ke iya yi. Sai a tuna kuma cewa a wancan zamani tufa dukiya ce. Kowane ƙyalle sai an noma auduga, an kaɗa zare, an saƙa shi da hannu, don haka gwado mai kauri ba kowane talaka ke da shi ba, yara da yawa kuma da ɗan bante suke kwana. Mutumin da ba shi da abin rufa mai nauyi dole ya nemi ɗumi daga gini da wuta. Daga wannan larura fasahar ta fito.

Lokacin da Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, bayan Gobirawa sun gangaro kudu sun karya ƙarfin Zamfara, ya zaɓi bakin Gulbin Rima, a yankin da kufan birnin yake har yau cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni. Ƙasa ce ta ruwa da laka. Kogin Bunsuru da na Gagare suna haɗuwa a wajen Isa, Gulbin Maraɗi yana gangarowa daga arewa ya faɗa Rima, fadama kuma tana ba da yumɓun gini da na tukwane. Magina suka yi amfani da abin da ƙasa ta bayar. Bangon tubali mai kauri yana shan zafin rana a hankali tun safe, ya riƙe shi, sannan ya sake shi cikin ɗaki da dare, lokacin da ake buƙatarsa. Rufin soro na azara da ƙasa haka yake yi, jinkar ciyawa ma tana hana ɗumin ciki tserewa. Ƙofa ƙarama ce, taga in akwai ta ’yar kafa ce a can sama. Kafin a hura wuta ko ɗaya, ginin da kansa ya riga ya yi kashi na farko na aikin. Wutar da za a ƙara ba ta buƙatar zama babba.

Kashi na biyu shi ne murhu da gadon ƙasa. A Gobir, kamar sauran ƙasar Hausa, in ɗari ya shigo girki yakan koma cikin ɗaki. Duwatsu uku ko murhun yumɓu a gefe, tukunyar tuwo a kai, in an sauke ta a ɗora ta ruwa. A jikin bango akwai gadon da aka gina da ƙasa, aka bar masa rami a ƙarƙashi, inda ake zuba garwashi bayan an gama girki. Ƙasar gadon tana ɗaukar zafi kamar yadda bango ke yi, ta riƙe shi har gari ya waye. Gudanar da wannan tsari ilimi ne da mata suka fi kowa riƙe shi. Karan dawa da na gero na saurin kamawa, da su ake tada wuta a tafasa ruwa. Gungumen ƙirya ko marke shi ke kwana yana ci a hankali. Busasshen kashin shanu yana ba da zafi mai daɗewa in itace ya yi wuya. Kafin barci a rufe garwashi da toka, a kusanto da buta da tukunya, da asuba a tarar da ruwa da ɗumi, a tone tokar a hura sabuwar wuta ba tare da an je ɗebo ta maƙwabta ba. Hayaƙi yana bi ta cikin jinka ya fita, a hanya ya kori sauro, ya kuma rage wa gara ƙarfi a kan itacen rufi.

Masana makamashi sun auna murhun duwatsu uku, sun tarar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ne kawai ke shiga tukunya. A kan wannan adadi ake kiran murhun da mai ɓarna, kuma hukuncin gaskiya ne in wutar a tsakar gida take. In kuwa cikin ɗaki take a daren Janairu, lissafin ya sauya. Mafi yawan zafin da ya kuskure wa tukunya yana shiga bango da daɓe da gado da jikin mutane, ya zama ɗumin da ake kwana da shi. Abin da aka rubuta a matsayin asara shi ne aiki na biyu na wutar. Wannan ita ce ƙa’idar da injiniyoyin ƙasashen sanyi suka gina na’urorinsu a kanta, inda tukunyar gas guda ke aika ruwan zafi famfon wanka, ta kuma zagaya da shi cikin bututu ya ɗumama ɗakuna. Matan Alƙalawa sun kai ga ƙa’idar ta hanyar tsimin itace. Haka ma tsangaya: wutar kara da almajirai ke kewayewa da dare da asuba ita ce fitilar karatu, ita ce kuma bargo.

Inda tsarin ya kai ƙololuwa shi ne ɗakin mai jego, abin da mutanen Sakkwato da Gobir ke kira biƙi. Mace in ta haihu tana wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana 40, wasu su zarce, ana tsoma ganyen runhu ko na tsamiya cikin tafasasshen ruwa ana fyaɗa mata a jiki, ta kwanta kan gadon da aka sa wa wuta a ƙasa, ta sha kunun kanwa. Tara itacen biƙi nauyi ne a kan miji, kuma tun ciki na tsufa ake fara shi, don mutumin da matarsa ta haihu babu itace a ƙofar gida ya ji kunya a gari. Nauyin ba ƙarami ba ne. Tafasa lita 50 na ruwa yana buƙatar kusan dukan zafin da ke cikin kilo ɗaya na busasshen itace, in da babu abin da ke tserewa. A kan duwatsu uku sai an ƙona kilo 7 zuwa 10. Wanka 80 cikin kwana 40 ya kama kilo 560 zuwa 800 ke nan, fiye da rabin tan, a kan haihuwa ɗaya. Gidan da ya fahimci wannan ba zai bar garwashin da ya tafasa ruwan wanka ya mutu a banza ba. Shi ake kwasa a zuba ƙarƙashin gado, wuta guda ta yi wa uwa wanka, ta kuma kwana da ita da jaririnta.

Yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun ƙara matsa wa mutane su yi tsimi. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Sarki Yunfa ya rasu a ciki. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri, ya dawo kwarin Rima da yardar Sakkwato ya kafa Sabon Birni, yayin da Isa ta tsaya a matsayin ribaɗi mai tsaron iyakar daula. Tsakanin waɗannan garuruwa masu ganuwa daji ya rufe, saboda babu mai iya noma nesa da gari. A 1853 Heinrich Barth ya bi ta Sansanin Isa, ya shiga dajin Gundumi tare da ayarin da ya yi tafiyar kusan awa 26 ba tsayawa, don tsoron mahara da rashin ruwa. Itace yana nan jibge, amma zuwa ɗebo shi sayar da rai ne. Mazauna cikin ganuwa suka dogara ga karan gonakin kusa da kashin dabbobi da abin da jakai suka shigo da shi cikin rakiya. A irin wannan hali hura wuta biyu inda ɗaya za ta isa wauta ce, kuma gidaje ba su yi ta ba.

Zuwan Turawa ya kwance wannan ƙulli sannu a hankali. Ingilishi suka ci Sakkwato a Maris 1903, yarjejeniyar 1906 tsakanin Ingila da Faransa ta tsaga Gobir biyu, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka zauna ɓangaren Ingila. Da hare-hare suka lafa, mutane suka fita daga ganuwa suka kafa ƙauyuka, aka sassabe daji, itace ya yi araha na ɗan lokaci. Sai ga sababbin kaya. Garwar kananzir da duron mai da aka yanka biyu sun fi tukunyar ƙasa ɗaukar ruwa, sun fi ta saurin tafasa, amma ba su da wurin zama cikin ɗaki, don haka wutar wanka ta fita tsakar gida, inda iskar hunturu ke kwashe zafinta. Gadon ƙarfe da katifa suka shiga kayan ɗakin amarya, gadon ƙasa ya zama abin ƙauye. Daga baya kwanon rufi da bulon siminti suka zama alamar arziki. Kwano yana ƙona ɗaki da rana, ya saki zafi da zarar rana ta faɗi, siririn bango kuma ba ya ajiye komai. Hayaƙi ma ba ya ratsa kwano kamar yadda yake ratsa jinka. Sabon ɗaki ya fi tsohon sanyi da dare, ga shi kuma ba a iya hura itace a cikinsa.

Maganin da mutane suka samo shi ne kaskon gawayi, kuma nan ne haɗari ya sauya kama. Gawayi ba ya hayaƙin da ido ke gani, shi ya sa ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Amma yana fitar da iskar kabon monoksaid, marar launi marar wari, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mai barci ba ya farkawa ya gudu. Tsohon ɗakin jinka yana da hayaƙi mai sa tari da hawaye, sai dai yana numfashi ta ko’ina. Ɗakin siminti mai rufin kwano da labule a toshe yake. Ga kuma asarar itace: ana ƙona kilo da yawa na itace kafin a samu kilo ɗaya na gawayi. Gida ya koma yana hura wuta uku, ta girki a madafa, ta wanka a tsakar gida, ta jin ɗumi a ɗaki, a daidai lokacin da farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 suka kashe itatuwa, jama’a kuma ta ninka. Darbejiya, wadda aka fara shukawa a Barno a 1928 kafin ta bazu zuwa lardin Sakkwato, ta ba garuruwa inuwa da ganyen wankan biƙi da ɗan makamashi, amma ba ta cike gurbin ƙirya da marke da suka ƙare ba.

A nan ne mai suka na farko zai tashi, kuma hujjarsa daga asibiti take. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami’ar Ahmadu Bello, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a Zariya. Sun tarar yana samun kusan mace 1 cikin 100, adadin da ya kasance cikin mafi yawa a duniya, suka danganta shi da haɗuwar gishirin kanwa da zafin wanka da na gado. Wani bincike na asibitin koyarwa na Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka buga a 2007 ya samu 1 cikin 102 a Sakkwato. Sai a ce: tsarin da ke kashe uwaye, me ya sa za a raya shi? Tambaya ce mai nauyi, ran mace ɗaya ya fi kowace al’ada daraja. Amma shaidar tana da rassa. Likitocin Zariya sun lura ciwon ya fi yawa a watannin zafi da damina, lokacin da jiki ba ya iya fitar da zafi, wato illar tana cikin gasa mace a lokacin da ɗaki ba ya buƙatar wuta. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye ya jagoranta daga asibitin koyarwa na Aminu Kano ya nuna cewa talauci da rama da rashin karatu da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyom suna da babban hannu a lamarin. Darasin shi ne a bar kanwa mai yawa, a sassauta zafin ruwa yadda ba zai ƙona fata ba, a kashe wutar gado da bazara, a kai mai kumburi ko haki asibiti da wuri. Jariri kuwa, musamman bakwaini, sanyi na kashe shi, kuma ɗaki mai ɗumi da ruwa mai tsabta abu ne da likitoci da ungozoma suka yi tarayya a kan buƙatarsa.

Tun kafin wannan muhawara ta yi nisa, masanan yankin sun ga cewa rabin aikin, wato ɗumama ruwa, ba ya buƙatar itace ko kaɗan. A Nijar an kafa ofishin makamashin rana na ONERSOL a 1965, Farfesa Abdu Mumuni ya shugabance shi shekaru masu yawa, aka riƙa ƙera na’urorin ɗumama ruwa da rana a Yamai. A Sakkwato an kafa Cibiyar Binciken Makamashi a jami’a a 1982, ta ƙera irin waɗannan na’urori da ingantattun murhu, har ta girka mai ɗaukar lita 1,000 a sashen haihuwa na asibitin koyarwa. Aikin na’urar mai sauƙi ne. Baƙin faranti mai bututu a jikinsa, an rufe shi da gilashi, yana shan rana. Ruwan da ya yi zafi yana tashi da kansa zuwa tankin da aka ɗora sama da farantin, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, babu famfo babu lantarki. Da irin ranar da ke faɗa wa wannan shiyya, faranti mai faɗin murabba’in mita 2 yana iya ƙara wa lita 100 na ruwa zafin kusan digiri 50 a yini mai haske. Fasahar ta yi aiki. Inda ta tsaya shi ne ƙofar jami’a da ta asibiti, don ba a koyar da maƙeran kasuwa ita ba, ba a kuma samar da hanyar da magidanci zai biya kuɗinta kaɗan-kaɗan ba.

Mai suka na biyu zai ce ai an riga an samo magani, wato ingantaccen murhu. Gaskiya ne an yi ƙoƙari. A Nijar an yaɗa murhun ƙarfe na Mai Sauƙi da na laka mai suna Albarka tun shekarun 1980, a Najeriya kuma an kawo Save80. Dukansu suna rage itacen girki, kuma sun cancanci yabo. Sai dai an tsara su ne su tattara zafi ƙarƙashin tukunya su hana shi fita gefe, wanda ke nufin murhun da ya fi kyau a ma’aunin masana shi ne wanda ba ya ɗumama kowa. In hunturu ya kama, uwargida takan jingine shi ta koma wa duwatsunta uku, ko ta yi girki da shi sannan ta hura kasko daban. Ba jahilci ne ya sa ta ba. Ita tana lissafin aiki biyu, mai ƙera murhun ya lissafa ɗaya. Duk tsarin da zai zauna a gidan Bagobiri dole ya kasance mai fuska biyu kamar shekarar: da bazara ya riƙe zafi a tukunya, da ɗari ya karkatar da ragowar zuwa ɗaki.

Wasu al’ummu sun warware wannan tun da daɗewa, kuma da ƙasa da tubali suka yi. A arewacin ƙasar Sin akwai gadon da ake kira kang, a Koriya akwai daɓen ondol. Murhun girki yana jikin bango, hayaƙinsa mai zafi yana bi ta ramukan da aka gina ƙarƙashin gado ko daɓe, ya bar zafinsa a cikin ginin, sannan ya fita ta dogon bututu a ɗaya ɓangaren. Mai kwana yana samun ɗumi, hayaƙi bai taɓa shiga inda yake numfashi ba. Tsakanin wannan da gadon ƙasa na Hausa taki ɗaya ne kacal. Tarihin Koriya yana ɗauke da gargaɗi kuma. A shekarun 1960 da 1970, da aka koma hura curin kwal a ƙarƙashin tsofaffin daɓe, iskar guba ta riƙa bi ta tsagogi tana kashe mutane da yawa cikin barci, har sai da aka sauya zuwa bututun ruwan zafi a cikin daɓe. Bututun hayaƙi yana ceton rai ne muddin ginin ba ya yoyo.

Saboda haka girka irin wannan tsari a Sabon Birni ko Isa aiki ne na magini da maƙeri, kuma ƙa’idojinsa a bayyane suke. Bakin murhu ya kasance a waje ko a madafar da ke manne da ɗaki, tukunya ta nutse cikin murhun yadda harshen wuta zai lashi gefenta. Ramin hayaƙi ya bi ƙarƙashin gado yana ɗan hawa, don hayaƙi sama yake nema, ya ƙare a bututun da ya zarce tsayin rufi, nesa da jinka da azara. A sa ’yar ƙofar ƙarfe mai karkatar da hayaƙi: da ɗari a tura shi ƙarƙashin gado, da bazara ya miƙe waje kai tsaye. A bar kafar share kunkunniya, a kuma duba gado da bango kafin kowane hunturu, duk tsagar da aka gani a liƙe ta da yaɓe. Farantin rana ya fuskanci kudu, a karkace shi kamar digiri 15, tunda garuruwan biyu suna wajen digiri 13 ne arewa da tsakiyar duniya. A riƙa goge ƙurar hunturu daga gilashin kowace safiya, a lulluɓe tanki da buntun shinkafa, wanda fadamar Rima ke bayarwa kyauta, don ruwan yamma ya kai asuba da ɗuminsa. A ranar da hazo ya rufe rana, murhu ya ƙarasa abin da ya rage. Gawayi kuwa kada ya kwana a rufaffen ɗaki ko da wane dalili.

Suka ta uku ita ce mafi zafi: mutanen da ’yan bindiga suka hana barci, wa zai yi musu zancen bututun hayaƙi? A ƙarshen Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. Tun 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa. Babu abin da ya kai tsaro muhimmanci. Amma rashin tsaron shi ne ya mayar da zancen makamashi na gaggawa, domin yankin ya koma halin da Barth ya tarar: daji na nan, shigarsa sayar da rai ce, kuma mata da yara ne ke fita neman itace. Kowane dami da aka rage tafiya ce mai haɗari da aka fasa. Wanda ya ce a jira gas da lantarki ya duba farashi. An janye tallafin kananzir a 2016, na fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon tukunyar gas zuwa bakin iyaka ya tashi, gidaje da yawa da suka bar itace sun koma masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020. Itace zai daɗe a murhun Gobir, abin da ke hannunmu shi ne yawan da ake ƙonawa da inda hayaƙinsa ke bi.

Hanyar samun itacen ma tana nan kusa, a hayin iyaka. Tun 1983 manoman jihar Maraɗi, tare da Tony Rinaudo, suka fara abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a tumɓuke kututturen sabara da kalgo da gawo, sai a bar tohonsu, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a rene su, a riƙa sassaƙe sauran ana girki da su. Da wannan dabara kimanin hekta miliyan 5 na gonakin Nijar suka sake yin itatuwa, makamashi ya dawo cikin gona kusa da gida. Waɗanda suka yi wannan aiki dangin mutanen Sabon Birni da Isa ne, harshe ɗaya, ƙasa iri ɗaya. Abin da ya rage aikin hukuma ne da masu sana’a. Ya kamata Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta gina gadon ƙasa mai bututu, ta auna iskar ɗakin, ta fitar da ma’aunin da magini zai iya bi. Ƙananan hukumomin biyu su fara da ɗakunan haihuwa na asibitocinsu, su sa farantin rana, don kowace mai biƙi ta ga ruwan zafi ba tare da itace ba kafin ta koma gida. Sarkin magina da sarkin maƙera su karɓi koyar da yaransu, ungozomomi su karɓi bayanin kanwa da zafin ruwa, limamai su yi gargaɗin gawayi a huɗubar farkon hunturu. Kayan aikin laka ne da ƙarfe da gilashi, masu aikin suna cikin gari, kuma lokacin farawa shi ne kaka, kafin sanyi ya shigo.